Na Kai wa Iro Gammonsa a Nima

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina mai fataucin goro, da wata dattijuwa 'yar unguwarmu da za ta je ganin jikoki a Akra, babban birnin Gana. Kayana ba yawa. Riguna biyu, fasfo, katin allura, da wani tsohon gammo a ƙasan jaka.

Saboda gammon nan na yi tafiyar, don haka bari in fara da shi.

Ni ne sarkin 'yan dako a kasuwar albasa ta garinmu, shekara bakwai ke nan. Mutum ashirin da huɗu ne a hannuna. Mu ke loda mota, mu ke sauke ta. Kafin sarautar na yi shekara talatin da buhu a ka. Na taɓa faɗowa daga saman tirela, na karye, na warke, na koma. Na binne matata ta farko da 'ya'ya biyu, ana yin sadakar uku na fita aiki. Shi ya sa ban san uzuri ba. In mutum ya ce min ya gaji, ji nake kamar ya zage ni.

Kwanakin baya dattawan kasuwa suka kira ni. Suka ce mutanena na kuka da ni, biyar sun bar aiki cikin shekara biyu. Kafin sabuwar albasa ta shigo za a zauna, 'yan dako su faɗi ko suna so in ci gaba. Babban cikinsu ya ce, "Audu, ba wanda ya ce ka ci haƙƙinsa. Amma ka je ka dubi kanka."

Na duba, ban ga komai ba. Na tambayi mutanena, kowa ya ce lafiya lau, Sarki, idonsa a ƙasa. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya faɗa min gaskiya, shi kuwa ni na kore shi.

Sunansa Iro. Rana ɗaya muka fara dako muna samari. Shekara biyu da suka wuce muna loda wata tirela, ya hau katako da buhu, ya kai tsakiya, ya sake shi. Albasa ta watse. Na ce masa a gaban kowa, "In ba ka iyawa, je gida ka karɓi tsintsiya a hannun matarka." Aka yi dariya. Ya sauko, ya cire gammonsa, ya rataye a ƙusar rumfa, ya tafi. Daga baya na ji wata uku ke nan bayansa na ciwo, yana ɓoyewa don ya san halina. Kafin in yi shawarar zuwa gidansa ya kwashe iyali sun koma Akra, wurin dangin matarsa. Gammon ya zauna a ƙusa har ranar da na cire shi na sa a jaka.

Hanya ba abin da ba ta gwada mana ba. Daga Kaduna zuwa Jebba ramuka ne, direba na ta kauce musu kamar mai rawa. Dattijuwar ta taho da dambun nama a kwano, duk inda mota ta faɗa rami sai ta yi salati ta ƙara rungume kwanon. A Ilori muka ci amala. Ban so miyar ba, mai yauƙi ce ƙwarai, amma na cinye, don ban saba barin abinci ba. Washegari muka shiga Legas. Gari ne da kowa ke sauri kamar an biyo shi. Ba mu zauna ba, muka sauya mota zuwa iyaka.

Iyaka uku muka tsallaka a yini ɗaya. Kowacce layi ne, a duba fasfo, a duba katin allura, a buga hatimi, ka koma mota. Kuɗi ma sai da ya sauya suna sau biyu, daga naira ya zama sefa, daga sefa ya zama sidi, kuma duk sauyin ƙara sirancewa yake. A Kwatano 'yan acaɓa sun cika titi da riguna masu ruwan ɗorawa, ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin hanya. A Lome na fara ganin teku. Titi na bin bakinsa, itatuwan kwakwa a jere. Maƙwabcina ya ce in ce wani abu mana. Na ce, "Ruwa ne." Ya yi dariya har ya ƙware. Gaskiya dai na tsorata da girmansa, ban faɗa ba ne kawai.

Bayan mun shiga Gana muka haye wata doguwar gada a kan babban kogi. Mata suka yanyame motar da burodi da soyayyun ƙananan kifaye. Burodinsu na da zaƙi da nauyi, guda ɗaya ya riƙe mu uku har Akra.

Da la'asar muka hau ƙaramar bas ta haya, a can tirotiro suke ce mata, zuwa Nima. Unguwar Musulmi baƙi ce, ita da maƙwabciyarta Mamobi, wani babban kwalbati ne ya raba su. Gidaje manne da juna, lungu wani sai ka karkace kafaɗa. Masallaci ko'ina. Zafinsu mai gumi ne, riga ba ta bushewa a jiki. Hausa kuwa kowa na yi, amma tasu daban, ana cusa mata yaren gari da Turanci. A nan na rabu da abokan tafiyata, muka sa ranar komawa.

Na tambayi wata mai sayar da lemu gidan Iro ɗan Kano.

"Baba Iro mai sanda? Kowa ya san shi," in ji ta. "Bi lungu nan, matanshi yana soya ƙosai a gaba."

Na sami Hajara, matar Iro, a gaban kasko. Tun tana amarya Yaya take ce min. Ta ɗago, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ƙosanta.

"Malam Audu. An zo duba ko ya karɓi tsintsiyar ne?"

"Gaishe shi na zo."

"Ikon Allah. Shekara biyu ana hanya."

Duk da haka ta turo min kujera da ƙafa, ta ba ni ruwa.

Kafin in ga Iro na ji zuwansa, don duk lungun gaishe shi ake yi. Na zaci zan tarar da mutum a kwance. Sai ga shi a sunkuye, yana dogara sanda, ya rame, amma fuskar nan tasa ce. Ya tsaya. Tun muna samari Dutse yake kirana, saboda ba na dariya.

"Dutse! Wa ya ɗauko ka, ko gangarowa ka yi?"

Na miƙe. Maganar da na shirya tun Kano ta gudu. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Da muka shiga ciki na faɗa masa zancen dattawa da zaman da za a yi. Na ce gaskiya na zo nema. Ya ce, "Ci tuwo tukuna. Gobe ka raka ni masallaci."

Da asuba, ana sallamewa, ya ja ni muka fito kafin kowa, muka zauna a wani benci a bakin ƙofa. Ashe Iro jagoran 'yan dako ne a can. Ba wanda ya naɗa shi. Ya zo ba ya iya ɗaukar komai, ya fara ɗinkin buhu a kasuwar Agbogbloshie, inda ake sauke doya da albasa. A hankali mutum goma sha takwas suka taru a bayansa, Zabarmawa, Dagombawa, 'yan Nijar, har masu motoci suka koma shi suke nema. Yawancinsu a Nima suke kwana, a masallacin nan suke sallah.

Ya ce, "Dubi ƙafafu."

Kasuwar akwai laka da fasassun abubuwa, don haka ba mai zuwa da silifa. Tsofaffin kambas suke sawa, wasu takalmin roba mai tsawo. Dole sai ka duƙa.

"Ɗan dako ba zai taɓa ce maka bayansa na ciwo ba, abincin ranar yake tsoro," in ji Iro. "Amma a nan ba ya iya ɓoyewa. Mai lafiya zai sunkuya ya ja dunduniya ya wuce. Mai ciwo zai jawo takalmin da yatsa, ko ya dafa bango, ko ya riƙe numfashi. To, gwada. Wane ne yau?"

Na duba da kyau. Na nuna wani tsohon Bazabarme mai ɗingishi. Iro ya yi dariya har da tari.

"Wannan haka aka haife shi. In ka tsaya a hanyarsa, da kai da buhun zai haɗa ya ɗauka."

Mutum biyu Iro ya gani ranar, ni ban ga ko ɗaya ba. Da muka isa kasuwa ya miƙa wa ɗaya basilla da igiya, ya kira shi Masa, wato maigida a maganar can, ya ce, "Taimake ni, ɗinkinka ya fi na kowa kyau." Ɗayan ya sa shi tsintar ruɓaɓɓiyar albasa a inuwa. Bai ce da kowa ba shi da lafiya ba. Da yamma rabonsu ɗaya da na kowa, ba wanda ya ɗaga gira, don kowa ya san tasa ranar na zuwa.

Kasuwar babba ce. Doya tsibi-tsibi kamar ɗakuna, ana jefo ta daga mota hannu zuwa hannu. Mata 'yan arewacin Gana na ɗauke da manyan kwanoni a ka, wasu da goyo, suna ratsa cunkoso ba tare da kaya ya motsa ba. Na san aikin kai. Na tsaya na girmama su a zuciyata. Da rana muka ci wake da shinkafa irin nasu, a cikin ganye, da taliya da gari da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Kwano ɗaya ya fi kuɗin abincin yini a wurinmu, amma har magariba ban nemi komai ba.

Rana ta biyu na ce bari in gwada halin Iro, tunda shi ake so. Kullum cikin tsokana yake da mutanensa. Na je wurin wani ƙato yana hutawa, na daki kafaɗarsa, na buɗe haƙora, na ce, "Ya aiki, mutumina?" Mutumin ya zabura ya miƙe tsaye, ya ɗauki buhun da ba a ce ya ɗauka ba.

Iro ya kira ni. "Don Allah kar ka sake. Ka tsorata min bawan Allah."

Ranar da la'asar, a tsakar gidansu, na ce masa, "Faɗa min ko ni wane ne. Kar ka rage."

Ya juya sandarsa a hannu.

"Ba ka cin na kowa. Ba ka taɓa sa mu ɗaukar abin da kai ba ka ɗauka ba. In mai mota ya raina mu, kai ke tsayawa a gaba. Waɗannan naka ne, kar ka yar da su." Ya numfasa. "Amma buhu kake gani, ba ka ganin wanda ke ƙarƙashinsa. Ka san ƙarfin kowa, ba ka san gidan kowa ba. Kuma kana ganin tunda kai ka sha wuya ba ka yi kuka ba, duk mai kuka maƙaryaci ne."

Hajara na tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka manta bakinsa. Ba ya magana sai sau ɗaya a wata, ita ma sai an tara jama'a."

Na ce, "Haka ne."

Na tambaye shi yadda zan zama irinsa. Ya ce, "Ba za ka zama ni ba, ai ka gwada ɗazu. Ni surutu Allah ya ba ni. Kai shiru ya ba ka. Shirun ba laifi ba ne, Dutse. Mai shiru ya fi kowa damar gani, in ya so."

Ni ba mutumin takarda ba ne. Na ciro igiyar ɗinkin buhu daga aljihun Iro, na yi mata ƙulli uku, ina yi ina faɗa da ƙarfi don su zama shaida. Na farko, kullum da asuba ina bakin ƙofar masallacin kasuwa, daga motar farko ta kakar bana har ta ƙarshe. Na biyu, ba zan ƙara yi wa kowa faɗa a gaban mutane ba, in akwai magana mu zagaya bayan mota. Na uku, kafin ruwan farko ya sauka sai na taka gidan kowane ɗaya cikin ashirin da huɗun nan, gida biyu a mako, har da biyar ɗin da suka tafi.

"Wa zai kwance ƙullin?" in ji Hajara.

"Ni, in na cika."

"A'a. Su za su kwance. Kai ai dama kullum a wurinka ka cika."

Na yarda.

Asuba ta uku na gani da idona. Wani jibgegen mutum ya fito yana gaisawa da kowa da babbar murya, yana dariya. Amma bai duƙa ba. Ya take dunduniyar kambas ɗinsa ya tafi da ita a lanƙwashe. Na taɓa gwiwar Iro. Ya gyaɗa kai, bai dube ni ba. Na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Ranar da zan taho, bayan mutanensa sun watse, ya ce in yi gaba in sayo mana koko, kamar yadda yake cewa kowace safiya. Na tafi. Na kai bakin lungu sai wani abu ya tsaya min a rai. Kwana huɗu ina kallon ƙafar kowa, ban taɓa ganin lokacin da shi yake sa nasa takalmin ba.

Na juya. Yana kan bencin shi kaɗai. Ya jawo takalmin da sanda, yana ƙoƙarin cusa ƙafa, ya ciji leɓe, gumi na zuba a goshinsa. Hannunsa ba ya kaiwa ko ƙwauri.

Na je na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Kai, bari." Ban bari ba. Na ɗaga ƙafar, na kakkaɓe mata ƙasa, na sa takalmin, na ja dunduniya, na ɗaure. Na yi wa ɗayar haka. Ban iya ɗagowa ba. Ina kallon ƙasa na ce, "Iro, ka yafe min."

Na ji hannunsa a kaina, daidai inda buhu ya cinye gashin.

"Ni tun a mota na yafe, kafin mu wuce Zariya," ya ce. "Hajara ce sai ka yi da gaske."

A gida na ciro gammon na ba shi. Ya juya shi, ya shinshina, ya yi murmushi. Sai ya miƙo min. "Me zan ɗauka da shi? Mayar da shi ƙusarsa. A can yake da aiki."

Na ɗauki jaka na fito, Hajara na bakin kaskonta. A bakin lungu ta biyo ni da kwalbar shito a leda, ta ce na mai ɗakina ne, ba nawa ba. Na yi godiya na juya. Sai na ji ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Dawowa hanyar ce dai, iyaka uku, teku, ramukan Jebba. Dattijuwar ta cika kwanonta da kifi. Maƙwabcina ya ce tun Lome yake lura da ni, duk inda muka tsaya sallah ina kallon ƙafafun mutane kamar mai niyyar satar takalmi.

Kwana shida da isowata aka yi zaman. Na mayar da gammon ƙusarsa, kowa ya gane shi. Na ajiye igiyar a kan tabarma, na faɗi abin da Iro ya ce a kaina, mai daɗi da marar daɗi, na faɗi ƙulli ukun. Na ce a ba ni kaka ɗaya. In ta wuce ba su kwance ko ɗaya ba, da kaina zan sauka.

Sai Tanko, wanda ya fi kowa baki a cikinsu, ya ce, "Sarki, wane ne a cikinmu aka yi wa haihuwa makon jiya?"

Na ce, "Ban sani ba. Gobe ina gidansa."

"To sai ka zo da wuri, gidana ne."

Aka fashe da dariya. Suka ba ni kakar.

Washegari da asuba ina bakin ƙofar masallaci. Mutum na bakwai da ya fito Tankon ne. Ya duba hagu, ya duba dama, ya dafa bango. A rumfa na miƙa masa basilla. Yabon ɗinki irin na Iro ba zai fito a bakina ba, don haka cewa na yi, "Yau kai ne a kan ɗinkin buhu." Ya dube ni, ya dubi gammon da ke rataye, ya karɓa.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Ban san kaina ba sai da na je wurin wanda na ɓata wa na tambaya. Ban dawo da halin wani ba, nawa na dawo da shi, da ido a kansa. Har yanzu ba na dariya. Igiyar na aljihuna, ƙulli uku, ba a kwance ko ɗaya ba tukuna. Na taka gida huɗu. Jaririyar Tanko sunanta Hajara, ta kama yatsana ta ƙi saki.